Maɓallin Tsallake Gaisuwa

Ramla ta sake goge fuskar wayar da gefen mayafinta, alhali tun safe babu wanda ya taɓa ta. Teburinta yana can ƙarshen zauren baje kolin, kusa da soket ɗin da ba ya aiki. Maƙwabcinta Muttaka, mai shagon wasan bidiyo a Ƙofar Ƙaura, ya kafa ƙatuwar talabijin, samari sun yi mata ƙawanya suna kallon wani soja yana tarwatsa birnin da ɗaruruwan ma'aikata suka yi shekaru suna zanawa a wata ƙasa. Muttaka bai ƙirƙiri komai ba, waya kawai ya jona. Amma shi ake ta ɗauka hoto.

Nata wasan ita kaɗai ta yi shi, a kwamfutar da sai an kunna mata fanka take yarda ta yi aiki. Sunansa Cefane. Za a aike ka Babbar Kasuwa ka sayo gero da daddawa da yadi, ka dawo gida kafin azahar. Babu bindiga, babu mota. Mutanen ciki ma hancinsu ɗigo ne.

A wannan gasar mutum ɗaya za a ɗauka daga Katsina zuwa horon masu ƙirƙirar wasanni a Legas. In ba ita ba ce, ranar Litinin za ta fara aikin da Baba ya samo mata a sakatariya, inda aka ce akwai kwamfuta guda, shugaban sashe ya lulluɓe ta da zani don kada ta lalace.

"Hajiya Ramla, ko in ara miki mutum biyu?" in ji Muttaka. "Su tsaya nan su yi kamar suna kallo."

"Riƙe abinka, Malam Muttaka."

Alƙalin gasar, Malam Zubair, ya nufo ta. Ɗan Ƙofar 'Yandaka ne da ya daɗe a Legas har agogo ya zame masa abokin shawara. Saura taku kaɗan wani dattijo ya tare shi. Aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, aka tambayi mutanen Legas kaf, aka yi ta'aziyyar wata gwaggo da ta rasu bara. Malam Zubair ya rusuna yana amsawa, Ramla tana kallon lokacinta yana ƙarewa a tsakanin tafukan hannuwansu.

Da ya iso bai zauna ba. Ya karɓi wayar, ya kai ɗan aiken wasan rumfar Babaji mai hatsi. Rubutu ya fito: *Sannu da zuwa. Ina kwana?*

Ya danna gero. Babaji ya ce, *Ina gajiya?*

Ya sake danna gero, da ƙarfi. Babaji ya kau da kai ya ci gaba da kaɗa ƙuda.

"Ya maƙale," in ji Malam Zubair.

"Bai maƙale ba, ranka ya daɗe. Ba ka amsa gaisuwarsa ba ne. Sai ka amsa, ka tambayi gida, ka tambayi kasuwa. In ka tuna ɗansa ba shi da lafiya ka tambaya, har gyara zai yi maka."

"In ban tambaya ba fa?"

"Zai ce geron an riga an saya."

Ya dube ta ta saman tabarau. Daga teburin Muttaka wani gini ya rushe, samari suka yi ihu.

"Kin ji wancan? Kafin mutum ya gyara zama an ba shi abin harbi. Su manyan kamfanoni sun auna, ɗan wasa ba ya jira. Ke ba ki da zanensu, ba ki da sautinsu, sannan ki tsayar da mutum yana tambayar lafiyar ɗan mai gero?"

"Abin da ba su da shi ke nan," ta ce.

"Akwai dalilin da ya sa ba su da shi." Ya ajiye wayar. "Aikin yana da kyau, ban ƙi ba. Ki sa maɓallin tsallake gaisuwa, ki turo min kafin la'asar. In babu, akwai yaron da ya yi na tseren mota."

Ya wuce. Kafin ya kai ƙofa wani ya sake tare shi.

Ramla ta buɗe kwamfutar. Aikin ba wuya, layi kaɗan ne. Ta zana maɓallin, ta rubuta *Tsallake* a kansa, ta tsaya. Duk wanda ya ga maɓallin nan zai danna, ya sayi gero, ya sayi daddawa, ya gama wasan kafin shayi ya huce. Abin da zai rage shi ne ɗan aike mai ɗigon hanci yana yawo. Ta tuna kwamfutar da ke ƙarƙashin zani.

Wayarta ta yi ƙara. Inna ce. Ta ɗauka idonta na kan allo.

"Inna, ina cikin aiki, me ake ciki?"

Muryar Inna ta fito a tsorace.

"Lahiya? Ramla, mi ya faru? Wa ya rasu?"

"Babu kowa, Inna."

"To shi ne za ki faɗo mani haka babu ko sallama? Gabana har ya faɗi!"

Ramla ta gyara zama ta gaishe ta tun daga farko, har da ciwon gwiwa. Inna dai tambaya take ko ta ci abinci.

Da suka gama, ta koma kan maɓallin. Ta bar shi inda yake, babba, kore, yadda Malam Zubair zai gan shi da wuri. A ƙarƙashinsa ta rubuta abin da zai biyo bayan dannawa: Babaji zai saki mudu, ya miƙe tsaye, maƙwabtan rumfa su taru, kowa yana tambayar wa ya rasu, kuma babu mai sayar maka da komai sai ka kwantar wa kowa da hankali ɗaya bayan ɗaya.

Ta gwada. Ya ninka gaisuwar tsawo.

Ana kiran la'asar ta tura.