Takalmin Nasimango a Layi

A asibitin gundumar nan ba mutum ke bin layi ba, takalminsa ke bi. Kowa ya iso sai ya cire ɗaya ya jera a bayan na wani, ya koma inuwa ya zuba masa ido. Silifas ɗin Nasimango yana can baya, kusa da famfo.

Ɗanta Fatsani ne ya faɗo daga bishiyar mangwaro da safe, cikinsa ya bugi dutse. Duk hanya a bayan keken haya ihu yake yi. Yanzu ya yi shiru a cinyarta, ta lulluɓe shi da zane.

"Kai, yaronki akwai haƙuri," in ji wata tsohuwa da ke gefenta. "Dubi jikana, yatsa kawai ya yanke, ya tara mana jama'a."

Nasimango ta yi murmushin dole. Tsoro ne fal cikinta, don hannun yaron ya yi sanyi. Amma ina za ta? Ɗazu wata ta gwada tsallake layi, matan nan suka yi mata ca har ta koma tana hawaye. In ta tafi wani asibitin kuma, gurbinta ya tafi. Ta zauna kamar an ɗaure ta, tana kallon takalmin da ya ƙi motsi.

Sai ga Sista Gondwe ta fito, nas ɗin da ta zo da sabon tsarin da kowa ke zagi. Ita ba ta kallon takalma, yara take bi tana taɓawa.

"Ga ta nan, za ta tsinci 'yan cocinsu," wani mutum ya ce da ƙarfi.

Sista ba ta kula shi ba. Ta wuce masu ihu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya kan zanen.

"Mama, wannan fa?"

"Barci yake, Sista. Ba a zo kanmu ba tukuna."

Ta yaye zanen, ta kama hannunsa, ta ja fatar idonsa. Fari fat. Nan take ta sunkuce shi ta ruga. Mutumin ya tare hanya yana cewa tun asuba yake nan, ta bangaje shi ta shige. Nasimango ta bi ta da takalmi ɗaya, aka rufe ƙofa a fuskarta.

Nan ta durƙusa, ba shiga ba komawa. Tsohuwar kuwa, don kirki, duk sanda layi ya matsa sai ta tura mata silifas ɗin gaba da ƙafa.

Can da rana ta karkata Nasimango ta ji kukan Fatsani ta bayan ƙofa, siriri, mai ban haushi, irin wanda take dukansa a kai. Ta fashe da nata.

Wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce jini ne ke zuba a cikinsa, an yi masa aiki, an ƙara masa jini, ya farfaɗo.

Sai da la'asar sakaliya tsohuwar ta dafa kafaɗarta, riƙe da silifas ɗin.

"'Yata, tashi. Yanzu aka zo kanki."