Barcin da Kare Ya Yi wa Merv Tonkin

Noreen Paschke na tsakiyar shanya sai ta ga hannun maƙwabcinta ya ɓullo ta saman shinge riƙe da guntun nama, yana kiran karenta da wata lallausar murya da ko matarsa ba ta taɓa samu ba.

"Merv Tonkin, me ya haɗa ka da Rusty?"

Ya ce aronsa yake so, zuwa yamma kawai. Ta ce shekara nawa yana jifan karen nan da takalmi, yau kuma aro? Sai ya waiga, ya rage murya, ya nuna mata baƙin agogon da ke hannunsa.

Merv direban jirgin ƙasa ne, tun yana saurayi yake jan alkama da tama a layin da ya ratsa hamada. Dokar da ya tarar ita ce direba ba ya wuce awa goma sha biyu a bakin aiki, kuma ya sha yajin aiki a kanta. To bana kamfani ya samo sassauci daga hukuma don a yi gwaji: direba ya ƙara awoyi a hanya, a saka masa da kwanaki a jere a gida. Sharaɗin shi ne kowa ya ɗaura agogon da ke auna barcinsa, wanda bai ƙoshi ba kuwa ba zai hau jirgi ba.

A taron ƙungiya Merv ya zagi tsarin har sai da aka ƙwace masa makirfo. Washegari shi ya fara ba da suna. An yi wa matarsa Glenys aiki a gwiwa, kuma yana son kwanakin nan na gida. Sai dai ba ya kwanciya a cikinsu. Girki, wanki, kai Glenys asibiti, gyaran rufin da babu abin da ya same shi. Agogo kuwa yana kai ƙararsa ofishin kamfani a birnin Adelaide.

Rusty kuma ba shi da sana'ar da ta wuce barci.

Noreen ta yi dariya har ta zubar da kwandon wanki, sannan ta riƙe karen aka ɗaura masa agogo a ƙafar gaba.

Abin ya tafi lafiya har ya so ya yi yawa. Wata rana Kirsten, matar da ke kula da gwajin, ta bugo waya Noreen na zaune a kicin ɗin su Merv tana shan shayi. Ta ce duk cikin direbobin babu mai barcin Merv, abin koyi ne. Abu ɗaya ne ya ɗaure mata kai: kullum da hantsi zuciyarsa takan tashi kamar wanda ya zura da gudu.

"Lokacin da mai kawo wasiƙu ke wucewa ke nan," in ji Merv. "Ba ma shiri da shi."

Glenys ta cusa tawul a baki don kada a ji ta.

Dariyar Noreen ta ƙare ne ranar da ta fito daga kanti ta tarar da motar Merv tsaye a mararraba, inji na aiki, motoci biyu a baya suna ta hon, shi kuwa kansa na kan sitiyari. Ta ƙwanƙwasa gilashi, ya farka ya ce taswira yake dubawa. A garin da aka haife shi. Mijin Noreen, marigayi Col, shi ma direban jirgi ne, ta san wannan fuskar mai launin toka, ta san abin da ke bayan mutum idan yana jan tarago ɗari.

Da ya sake zuwa aron kare, ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu.

"Rusty ya yi ritaya. Ko ka ɗaura abinka da kanka, ko in buga wa matar nan in haɗa ta da mai barcin su gaisa."

Ya kira ta tsohuwar 'yar sanda, ta kira shi tsohon banza. Ya daina gaishe ta, har lemon da yake ajiye mata a kan shinge ya janye. Amma ya ɗaura agogon, kuma ba a jima ba ofis ya ga gaskiya, aka sauke shi daga aiki na mako guda, aka ce ya je ya kwanta. Ya bi gari yana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa rabonsa da a umarce shi da barci tun uwarsa na da rai.

Ranar Lahadi bayan abincin rana ya miƙe a kujerar baranda, ya rufe fuska da hula. Glenys ta leƙo ta shinge tana raɗa: ya yi barci! Noreen ta kulle Rusty a ɗaki, ta je ta hana Darryl na gidan gaba yankan ciyawa, ta kori masu ƙwallo zuwa can ƙarshen titi. Unguwa guda ta yini tana sanɗa saboda Merv Tonkin.

Da la'asar sai ga wayar Kirsten. Ta ba da haƙurin kira ranar hutu, ta ce agogon ya daina nuna komai tun ɗazu, ko ya cire shi ne? Glenys ta ce yana hannunsa, ga shi tana hangowa. Ta ajiye wayar a hankali, ta kira sunan Noreen sau ɗaya.

Noreen ce ta ɗaga hular. Bakinsa a ɗan buɗe, kamar zai yi musu.

Likita ya ce zuciya ce, kuma ta daɗe tana ba shi sanarwa yana ƙin sauraro. Noreen ta kasa haɗa ido da Glenys, tana ganin kamar ita ta tura shi kujerar. Glenys ta kama hannunta ta ce gara nan, a barandarsa, da a tsakiyar hamada shi kaɗai da tarago ɗari a bayansa.

Ranar jana'iza direbobi sun cika coci da rigunan aiki. Kirsten ma ta zo daga Adelaide, idonta jawur, tana cewa ba ta taɓa ganin fuskarsa ba amma ji take ta san shi, tunda ta san barcinsa. Noreen ta ja ta gefe zuwa inuwar da Rusty ke kwance.

"Ga wanda kika sani, 'yata. Ku gaisa."

Daga baya aka ji hukuma ta dakatar da gwajin, sai an sake duba agogunan.

Da safe bayan baƙi sun watse, Noreen na ba furanninta ruwa ta hango Glenys ta fito baranda tana dogara sanda. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki takalman aikin Merv, ta kife su ɗaya bayan ɗaya ta bubbuga a dakali saboda gizo-gizo, kamar yadda ta saba yi masa kullum, sannan ta jera su a inuwa ta koma ciki.