Nasihar Malam Birki

Malam Birki bai taɓa shiga jami'a ba, iyakarsa ya kai ɗan wani bakin ƙofarta ya juyo. Amma duk unguwar babu wanda ya kai shi ba da shawara a kan zaɓen makaranta, kuma laifin sana'arsa ne. Koyar da tuƙi yake yi, kasuwarsa kuwa ta fi ci a watannin da yara suka gama sakandare suna zaman jiran kiran jami'a, iyaye na neman abin da zai raba su da waya da barcin rana. Sai uba ya zauna a bencin ƙofar ɗan ofishinsa yana jiran a gama da ɗansa, hira ta yi hira, ya ce, "Malam, kai da kake tare da yaran nan, me ka gani?" Mutumin da aka tambaya me ya gani kuwa, da wuya ya ce bai ga komai ba.

A haka ya zama gwani. "Kada fentin makaranta ya ruɗe ku," in ji shi, "ku nemi waɗanda suka fito daga cikinta ku tambaye su." Babbar maganarsa ita ce, "Ku bar yaro ya zaɓi abin da zai karanta. Ranar kai shi kuma ku sauke shi ku juyo, ban da tsayawa leƙe." Iyaye su yi ta gyaɗa kai. Shi kansa wani lokaci in ya ji maganar tana fita daga bakinsa sai ta burge shi, har ya so sanin wanda ya koya masa.

Sunan kuwa ɗalibansa ne suka laƙaba masa. Motar koyarwarsa tana da birki na biyu a ƙarƙashin ƙafar malami, shi kuma ba ya barin birkin nan ya huta. Ko kaza ce ta yi tunanin tsallaka titi, ya taka.

Ana nan sai abin ya zo gidansa. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ce za ta fara wuce sakandare a gidan, don yayyenta duk sana'a suka kama. Ta tambayi malamarta ta lissafi, ta tambayi ƙanwar uwarta, ta tambayi wayarta. Shi da ake yin takakkiya daga wasu unguwanni a zo a tambaya, ba ta tambaye shi ba. Ta zaɓi karatun safiyo, wato awon ƙasa da zanen taswira, a wata jami'a mai nisa, alhali ga wata nan kusa wadda yake bi ta gabanta kullum da ɗalibansa. A bakin uwarta ma ya ji, yana tsakar cin abinci.

Ya ce madalla, don ba shi da abin cewa sai madalla. Amma abin ya sosa masa rai ƙwarai. Wanzami dai ba ya son jarfa.

"Kai ne fa mai cewa a bar su su zaɓa," in ji matarsa.

"Na ce a bar su su zaɓa. Ban ce kada su tambaya ba."

"To kira ta ka gaya mata abin da ke ranka."

"Shawarar da ba a nema ba ai surutu ce."

Ta dube shi ta ce, "Yau ka sani?"

Ya ƙyale ta. Ya ƙudura a ransa cewa ranar tafiya, in suka kaɗaice a mota, zai yi wa Auta nasihar da za ta riƙe har tsufanta, yadda wata rana za ta ce wa 'ya'yanta, "Babana ya gaya mini." Abin da yake so ke nan, ya zamana shi ma yana da kaso a tafiyar. Ya yi ta shirya maganar, yana gwada ta a madubin mota in ɗalibi ya makara. Ya sa mata farko mai nauyi, da karin magana a tsakiya, wai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Daga baya ya cire wannan, da ya tuna yarinyar aikin hange za ta koyo, da na'ura mai ƙafa uku. Matarsa ta kama shi yana motsa baki shi kaɗai, ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce shi gorarsa a fafe take, ruwa kawai ya rage a zuba.

Ranar tafiya katifa da akwati da bokiti suka cinye bayan motar koyarwar. Uwar ta ce ita ba za ta je ba, gara ta yi kukanta a ɗakinta inda ba mai kallo. Malam Birki ya nufi wajen sitiyari, sai Auta ta miƙo hannu.

"Baba, kawo makullin, ni zan ja."

Shi ya koya mata, kuma ta iya, ba shi da hujjar hanawa. Ya ma ga abin ya yi daidai: ita ido a kan titi, shi baki a sake.

Suna fita gari ya gyara murya. "Auta, ita rayuwa..." Sai ga babur ya ɓullo daga lungu. "Madubi. Duba madubi."

"Na gani, Baba."

Aka ɗan taɓa tafiya. "Ita rayuwa, kamar yadda nake cewa... rage wuta, akwai rami."

"Na gan shi."

Haka aka yi ta yi. Bakin da ya shekara da shekaru yana cewa sa sigina, sauya giya, bar wa babbar motar nan hanya, ba ranar da ka ga dama zai koyi wata magana ba. Ita rayuwa ta fito ta koma ba adadi, ko sau ɗaya ba ta kai ƙarshen jimla ba. Da suka tsaya shan mai ya ce to ga dama ta samu, sai ya tsinci kansa a tsugune yana matsa taya yana yi mata bayanin iska. Ya ce da kansa, kai dai an yi tsohon banza, yarinya za ta bar gida kai kana wa'azin taya.

Rana ta karkata suka iso. Motocin iyaye sun yi layi a ƙofar jami'ar, kowace da katifarta. Layi ya zo kansu, mai gadi ya ɗaga ƙarfen da ya tare hanya ya yi musu hannu su wuce. Hanya fetal, ba mutum ba dabba. Auta ta ɗan taka totur, motar ta doshi ƙofa, sai ƙafar Malam Birki ta danne birkinsa har ƙasa. Motar ta yi tsalle ta mutu, bokiti ya gangaro ya sauka a ƙeyarsa. Na baya suka dinga danna hon.

Auta ta duba gaba, ta duba madubi, sannan ta dube shi. "Baba, me ka gani?"

Ya nemi ko da kare ne ya ɗora wa laifin, babu. "Ban ga komai ba," in ji shi.

Ba ta yi dariya ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce a hankali, "To ɗaga ƙafar." Ya ɗaga. Ta tayar da mota suka shiga.

Ɗakin da aka ba ta mai gadaje huɗu ne na ƙarfe, sama da ƙasa, da taga ɗaya wadda ragarta ta yage a gefe. Ya girgiza gadon ya ji ko zai ɗauke ta, ya gwada sakatar ƙofa, ya cusa takarda a yagar. A gadon da ke kallon nata wani uba mai tumbi ya tsare 'yarsa da nasiha, yatsa a sama, ya kai wajen abokan banza. Yarinyar tana cewa "to, Baba" idonta a kan wayar da ta ɓoye a cinya. Malam Birki ya saurara, ya ji kusan kalma da kalma tasa ce, har karin maganar da ya cire. Kunya ta kama shi kamar shi aka kama.

Auta ta rako shi wajen mota. Ya riga ya haƙura, yana shirin cewa Allah ya ba da sa'a ya tafi, sai ta ce, "Baba, na san ka ji haushi ban tambaye ka ba."

"Ni? Haushin me?"

"Mama ta gaya mini." Ta sunkuyar da kai tana juya makulli a hannu. "In da na tambaye ka, duk abin da ka ce shi zan yi, ko ba shi nake so ba. Shi ya sa."

Duk lissafin da ya yi a kan dalilinta, bai taɓa kawo wannan ba.

"Yanzu dai ina tambaya," in ji ta. "Tsoro nake ji. Kowa a nan kamar ya san inda za shi. Yaya zan yi?"

Ga tambayar da ya yi wata da watanni yana jira, ta zo har gida. Ya laluba nasihar nan mai farko da tsakiya, ya tarar ta gudu ba ko sallama.

"Wallahi ban sani ba, Auta," in ji shi. "Ni yau na fara wuce ƙofar nan, kuma kin ga yadda na wuce ta." Ya shafa ƙeya. "Ki riƙa cin abinci dai. In malami ya faɗi abin da ba ki gane ba, ki ce ya sake. Masu hon su yi ta yi."

Ta yi dariya da hawaye a idonta, ta damƙa masa makulli, ta riƙe hannunsa ɗan lokaci, sannan ta juya. Mai hana iyaye leƙe ya shiga mota ya karkato madubi yana kallonta har ta shige. Bayan ta shige ma ya ci gaba da kallon ƙofar.

Ƙwanƙwasa gilashi ce ta dawo da shi. Wata mata ce da filo a hammata, motarsu na tsaye a baya. "Malam, direbanka kake jira? Wurin muke so mu sauke kaya."

Sai a sannan ya lura a kujerar malami yake zaune, ya ɗaura bel, makulli a hannunsa, yana jiran a ja shi.

"A'a, baiwar Allah," in ji shi. "Ta iso inda za ta."

Ya fito ya zagaya ya shiga wajen sitiyari, gwiwoyinsa suka bugi ƙarfe. Auta ta jawo kujerar gaba daidai tsawon ƙafarta. Ya kai hannu ƙasa zai tura ta baya, ya kama marikin, sai ya sake shi. Haka ya ja motar har gida a takure, gwiwa na gugar sitiyari.