Na Koma Sama Bayan Haihuwar Kanna

Yaya Fumie, zauna ki ji, yau na diro daga jirgi! Tun da na haifi Kanna ban taɓa lemar dirowa ba, shi ne Malam Ogata mai koyar da mu ya ce sai ya sake gwada ni kafin in dira ni kaɗai. Iska ta hana mu tashi tun safe. Ina ta zarya, surukata na riƙe da Kanna tana cewa ita fa tafiya za ta yi.

Da iskar ta lafa muka tashi. Muna can sama nono ya jiƙa mini riga. Malam ya ce, "Maman Kanna, buɗe lemar tukuna, abincin ranarta ya jira."

Na diro, na ja igiyar lemar, ta buɗe. Ina sauka ya ce na ci gwajin. Ko lemar ban cire ba na karɓi 'yata.