Tayin Mukhtari

Tun daga ƙofar zauren Mukhtari ya hango kansa a jikin bango. Ga shi nan tsamo-tsamo cikin ruwa har ƙugu, hula a karkace, goye da maƙwabciyarsa Hajiya Abiba, ita kuma ta ɗaga takalmanta sama kamar ta ci kyauta.

Wata guda ke nan da guguwar Sandy ta turo teku cikin unguwarsu ta Port Richmond, ta cika ɗakunan ƙasa da laka. Matasan unguwa suka shirya gwanjon zane-zane don a gyara wa waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna. Mukhtari ya rufe shagonsa ya zo ne don kada a ce bai zo ba. Ba wanda ya gaya masa cewa 'yarsa Zeinabou na ciki, ita da ya hana zane tun tana ƙarama saboda bakin mutane.

Ya kamo hannunta a gefen teburin shayi.

"Ke kika yi wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Kin zana mutum. Kin zana ubanki goye da matar mutane! In Alhaji Tamimu ya gani, gobe har Maradi an ji."

Alhaji Tamimu shi ne shugaban ƙungiyarsu ta 'yan Maradi mazauna nan, kuma ga shi can a sahun gaba, ya gyara tabarau yana kallon zanen. Mukhtari ya yanke shawara nan take. Zai saya, ya naɗe, ya tura ƙarƙashin gado.

*

Kwaku direban bas ne ke kiran gwanjo. Da aka zo kan zanen, ya faɗi kuɗin farko. Mukhtari ya miƙe, ya taɓe baki irin na wanda ya tsufa a kasuwa.

"Ya yi tsada. A rage."

Sai dariya ta ɓarke a zauren.

"Malam, nan hawa ake yi, ba sauka ba!" in ji Kwaku.

"Ku dubi fentin, duk ya zuba. Ko hancin ba nawa ba ne. Na ba da rabi."

"Hancinka ne sak!" Hajiya Abiba ta ɗago murya daga cikin mata. "Ranar ka saɓa ni kamar buhun shinkafa, kana haki kana salati. Yau ne ka ji kunya? Mijina ma cewa ya yi da shi ne, da mun nutse mu biyu."

Kwaku ya juya ga mai zanen. "Zeinabou, kin sallama?"

Ta dubi ubanta, leɓenta na rawa don dariya. "Albarka, Baba."

Mata suka rangaɗa guɗa. Sai ga hannun Alhaji Tamimu a sama. Mukhtari ya ƙara kuɗi. Alhaji ya ƙara. Wata Baturiya ma'aikaciyar jinya ta shigo ciki. Mukhtari ya bi su har inda aljihunsa ya tsaya, yana zufa cikin sanyin Nuwamba, sannan ya zauna. Alhaji ya ci.

*

Ana kwashe kujeru dattijon ya yafito shi. Mukhtari ya rusuna, ya fara shirya ban haƙuri.

"Alhaji, yarinta ce..."

"Riƙe min nan." Alhaji ya miƙa masa gefen katakon zanen. "A ofishin ƙungiya zan rataye shi, jikokina su ga abin da maƙwabci yake yi. Kai kuma ka hana ni saye da arha, kana ta ƙara min farashi."

Mukhtari ya yi dariya har da hawaye. Sai yanzu ya tsaya ya kalli zanen sosai. Ta fitar da tabon da ke bayan kunnensa. Ta fitar da yadda yake cije leɓe in kaya ya yi nauyi. Yaushe yarinyar nan ta kalle shi haka?

"To 'yata," in ji Alhaji, "sauran duk da sunan masu su. Naki fa?"

Zeinabou ta sunkuyar da kai. "Sunana haɗe yake da na Baba. Ban so in ja masa magana."

Mukhtari ya dubi kusurwar ƙasa, inda ruwan zanen ya ƙare aka bar fili fari. Ya laluba aljihunsa, ya zaro biron da yake sa wa kaya farashi, ya miƙa mata, ya ƙara riƙe katakon da hannu biyu don kada ya motsa.