Azarar Ɗakin Malam Ja'afaru

"Sabiru, hau ka ɓare min rufin nan, ko sai na hau da kaina?"

Ta kan katanga na jiyo muryar maƙwabcinmu Malam Ja'afaru, mutumin da ko ruwa zai sha sai matarsa Kaltume ta tallafo kansa. Na ajiye tankaɗe na leƙa. Yana kwance a rumfa, ƙafafu a kumbure, ɗansa Sabiru na tsaye da diga a hannu kamar an aike shi sata.

"Baba, ɗakinka ne fa."

"Na san ɗakina ne, shi ya sa ban ce ka hau na wani ba. Hau!"

A ƙauyenmu, nan gefen Bagwai, in an yi rasuwa kurmin bakin rafi ake shiga da gatari, a saro itacen da za a jera a kan kabari kafin a zuba ƙasa. Haka muka tarar. Kurmin kuwa har ya koma kamar kan tsoho, nan gashi can sanƙo.

Da rani wata malama daga jami'a ta zo ta yi lacca a filin firamare. Ta ce saiwar bishiya ce ke riƙe gaɓar rafi, ita ke sa ruwa ya zauna a ƙasa, in kurmi ya tafi rijiyoyi za su bi shi. Maza suka tafa, suka sha lemo, suka watse. Malam Ja'afaru kaɗai ya ɗauko maganar ya kawo gida, ya kwanta ciwo da ita.

Sabiru bai yi nisa da aikin ba sai ga Alhaji Sabo, yayan Malam, babbar riga na jan ƙasa.

"Ja'afaru, da ranka kake tanadin itacen kabarinka? So kake a ce mun kasa yi maka sutura?"

"Yaya, likkafani ma ana tanada. Kanyar nan da ta rage a bakin rafi, na ga kallon da ake yi mata. Ba da sunana za a sare ta ba."

"Yarinyar bokon nan ta juya maka kai!"

"Gaskiya ta faɗa. Ko ba ka ƙara wa guganka igiya bana ba?"

Alhaji ya ja tsaki ya fice. Allah ya yafe min, daɗi ne ya rufe ni, don na daɗe ban ga wanda ya taka masa burki ba.

Ranar Laraba da hantsi Malam ya cika. Ba mu gama salati ba samari suka fito da gatura, Alhaji na nuna musu hanyar rafi. Kaltume, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta miƙe ta tsaya a bakin zaure.

"Duk wanda ya sa gatari a kurmin nan don mijina, ban yafe ba."

Liman ya dubi azarar rufin ɗakin Malam da aka yanka aka jingine, ya ɗaga guda ya jinjina.

"Wasiyya ce. Ku ɗauka."

Suka ajiye gatura suka ɗauka. A nan kukan da nake dannewa ya ƙwace min.

Da la'asar na shiga gaisuwa. Kaltume ba ta zauna cikin mata ba. Tana ɗakinsa da carbi a hannu, ta shimfiɗa tabarma inda gadonsa yake a da, rana ta sauko ta sama ta kwanta a kan ƙafafunta.