Ciyawa a Hannun Tafinta

Parsaloi tafinta ya gama fassara wa dattawan ƙabilarsa ta Masai yarjejeniyar da wani Bature ya kawo: su kwashe shanunsu daga Laikipia su koma kudu.

Tsoho Ole Sankale ya tsinko ɗanyar ciyawa ya miƙa wa Baturen. A al'adar Masai, ba a ƙin roƙon mai riƙe da ciyawa.

"Ce masa kudu ma akwai ciyawa," in ji Baturen.

Tun da safe Parsaloi ya ga sojoji laɓe bayan tudu, ga mahaifiyarsa a cikin ruga. Ya durƙusa, ya tsinko tasa ciyawar, ya juya ga tsohon.

"Baba, ka dangwala yatsa a takardar."

Tsohon ya dubi ciyawar. "Ɗana, da abinmu za ka yanka mu?"

Sannan ya miƙa yatsan.